Zoben Hawainiya

"Ɗaure shi da kyau, Inna! Bi ta ƙarƙashin hammatarsa!"

Hadiza na zaune kan ƴar motonta a ƙofar gida, ƙafafunta biyu a ƙasa, Baba Yacuba ya kwanto mata a baya. Inna Zara, matarsa, ta zagayo da zanen goyo, ta miƙo mata bakin zanen biyu. Hadiza ta ƙulle su a ƙirji kamar yadda take ƙulle goyon ƴarta Samira. Ba ta taɓa zaton tsohon ya rame haka ba. Mutumin da ke ɗaga gaban moto da hannu ɗaya, yau ga shi kamar damin kara.

Juma'a ce, liman ya riga ya hau huɗuba. Unguwar tasu can bakin gari take, ta wajen hanyar Tanda, kuma babu namiji ko ɗaya da ya rage a cikinta. Ƴan kabu-kabun da ke tsayawa a kwana duk sun tafi masallaci. Inna Zara ta kira ɗansu Lawali sau uku, wayarsa a kashe. Faruk, mijin Hadiza, direban kamiyo ne, babbar motar kaya, yana hanya tun Talata. Shi kuwa Baba Yacuba ya yi alwala, ya sa babbar rigarsa, ya kai hannu ga hula, sai ya dafe ƙirji ya zube gindin randa. Ihun Inna Zara ne ya tsallaka katanga ya iske Hadiza tana wanke kifi.

"Ƴata," in ji tsohon da ƙyar, bakinsa dab da kunnenta, "wannan wane irin abin kunya ne? A goya ni ran Juma'a?"

"Baba, yi shiru ka riƙe ni."

"Inna, ga Samira can ɗaki tana barci," ta ce. "In kin samu mai moto ki biyo mu gidan likita."

Ta danna, injin ya kama bugu ɗaya.

"Bar ta ta yi numfashi," ya ce. "Ba a ba inji wuta da sanyi."

Karo na farko ke nan da Hadiza ta ƙi jin maganarsa. Ta murɗa hannu suka tashi.

Shekara biyu da rabi ke nan Faruk ya kawo mata moton daga Malanville, ƴar China ce mai araha, irin ta mata mai wurin ajiye ƙafa a gaba. Sati uku da zuwanta Hadiza ta faɗi da ita. Ta ji daɗin iska ne ta murɗa hannu har ƙarshe, akuya ta gilma, yashi ya kwashe tayar gaba. Samira na goye, watanta takwas. Har yau akwai tabo a goshin yarinyar kamar ƙwayar gyaɗa, kuma duk safiya in Hadiza na shafa mata mai sai yatsanta ya tsaya a wurin.

Ranar ta turo moton da ƙafa har gindin mangwaron da ke ƙofar gidan Baba Yacuba, inda ya yi shekara talatin yana gyara. Ta ce ya nemo mata mai saye.

"A sayar?" ya ce. "Sannan ki dinga kai amaryata Samira awo a ƙasa cikin rana? Dabba in ta cika gudu ba yanka ta ake yi ba, dabaibayi ake sa mata."

Ya buɗe murfin gefe, ya kwance kan karbirato, wurin da mai ke haɗuwa da iska, ya zura wani ɗan zoben ƙarfe a jikin wayar da hannun wuta ke ja. Daga ranar, ko ka murɗa hannun har ya karye, allurar da ke nuna gudu ba ta wuce talatin. Hadiza ta sa shi ya yi mata alkawari ba zai cire ba, ko Faruk ne ya ce.

Faruk kuwa ya ce. Ya dawo daga tafiya ya hau, ya dawo yana huci.

"Baba, me ka yi wa moton nan? Mai keke ya wuce ni har yana gaishe ni!"

"To ka amsa?"

"Don Allah ka cire."

"Ni da mai moto muka yi magana. Kai baƙo ne a kanta."

Faruk ne ya sa mata suna Hawainiya don haushi, sunan ya bi ta. Shi kuma Baba Yacuba ya ɗauki moton kamar jika. Kullum da safe in Hadiza ta tayar da ita, yana kan bencinsa da kofin shayi, sai muryarsa ta ƙetaro katanga.

"Maman Samira! Bujin motonki ya yi baƙi, kawo in goge!"

Wani lokaci kuma: "A kwalbar wa kika sha mai jiya? Akwai ruwa a ciki, ina jin tarinta daga nan."

Shi ya koya mata ta dinga tace man kwalba da tsumma mai tsabta kafin ya shiga tanki. Shi ya koya mata ta ƙirga ashirin kafin ta ja. In ya ce lokacin juye baƙin mai ya yi, to ya yi, ba ya duba komai, kunne kawai. Takalmin birki kuwa sai ya canza mata shi tun bai cinye ba, yana cewa amaryarsa ce a kai.

Yanzu ga su kan titi, kuma allura ta hau talatin ta zauna.

Kusa da babban masallaci sahu ya cika ya malalo har kan hanya, tabarmi da takalma ko'ina. Babu wurin bi. Hadiza ta karya ta gefen kogi, hanyar da ta fi tsawo amma miƙaƙƙiya ce, fayau, babu ko kare. Gonakin shinkafa a hannun hagu, ruwa na ƙyalli. Hanya ce da kowace moto za ta cinye cikin ƙiftawar ido. Ta murɗa hannu har ya tsaya. Ta ƙara murɗawa har wuyan hannunta ya yi ƙara. Hawainiya na tafiya da muryarta mai daɗi, lafiya lau, ba ta san da wani gaggawa ba.

"Tafi mana!" Hadiza ta ce. "Don girman Allah ki tafi!"

Ta ji ƙirjin tsohon ya motsa a bayanta. Ta ɗauka shaƙuwa ce. Ashe dariya yake yi.

"Ba za ta tafi ba," ya ce. "Aikina ne."

"Baba, yaya ake cire shi? In tsaya?"

"Da farce za ki kwance? Turnabis na kwance ƙusa yana gida." Ya numfasa. "Murfin gefe, ƙusa biyu. Sai kan karbirato, ki murɗa shi hagu. Ki kula da sifirin, tsalle yake yi."

"Baba, bar magana."

"Ke kika tambaya." Ya kasa kunne ga injin. Sannan ya ce, "Ji yadda take bugawa. Ko saɓani babu."

Ta ji goshinsa ya sauka tsakanin kafaɗunta, da zafi, ta cikin hijabi. Ta fara karanto duk addu'ar da ta zo bakinta. Giginyoyin bakin hanya na wucewa ɗaya bayan ɗaya, kowace sai ta tsaya mata a ido kafin ta wuce. Ta ji yana motsa leɓe, ta gane kalmar shahada ce, sai ta kama tare da shi da ƙarfi, iska na kwashe rabin muryarta. Wajen da hanya ta koma cikin gari, hannunsa na dama da ke riƙe da gefen hijabinta ya saki. Zanen ya ƙara nauyi a ƙirjinta.

Ba ta tsaya ba. Ta ci gaba da yi masa magana. Ta ce masa ga gidan likita can, ga ƙofar, Baba mun iso.

Mata biyu ma'aikatan jinya suka fito da gado mai taya. Ƙullin zanen ya ƙi kwantuwa don jan da ya sha, sai da ɗaya ta sa haƙori. Suka shige da shi. Hadiza ta tsaya a baranda da zanen a hannu, a nan ta lura ko takalmi ba ta sa ba, kuma ƙamborin kifi na manne a yatsunta. Ba a jima ba babbar cikinsu ta fito tana tafiya a hankali.

"Ke ƴarsa ce?"

"Maƙwabciya."

"Sai haƙuri. Zuciya ce. Ya riga ya cika kafin ku shigo."

"Da na iso da wuri fa? Da minti biyar?"

Matar ta dube ta, ta dubi ƙafafunta. "Wannan Allah kaɗai ya sani, ƴar uwa."

Bayan la'asar aka kai shi. Hadiza na cikin gida tare da mata, ta ji sawun maza na fita da makara, da yawa, don duk ƴan kabu-kabun Gaya sun san gindin mangwaron nan. Samira ta ja mata zane.

"Mama, ina angona za shi?"

Ta ɗauke ta ta rungume.

Kwana uku Hawainiya na jingine a zaure, ba ta ko dube ta ba. Ta yi daka, ta yi tuwon sadaka, ta wanke kwanoni a gidan makoki, amma duk inda ta juya sai ta ga allurar nan zaune a kan talatin. Faruk ya iso ranar sadakar uku. Da ya ji yadda aka yi, ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Gobe in kai ta a cire abin nan," ya ce a hankali.

"Ba mai taɓa ta."

"To a bar shi ke nan?"

"Ban sani ba, Faruk. In an cire, ga yarinya. In an bari, ga abin da ya faru. Ka ƙyale ni."

Da hantsi washegari, mutane sun ragu, ta shiga wurin Inna Zara. Tsohuwar na zaune kan tabarma cikin kayan takaba, tana jan carbi. Hadiza ta durƙusa, ta gaishe ta, sai maganar ta fito da kanta.

"Inna, ni na sa ya ɗaure moton. Ni na sa ya yi alkawari. Da ba don ni ba, da mun isa."

"Na san da zoben," in ji Inna Zara. "Daga sandar lemata ya yanko shi. Sabuwar lema, ƴata ta aiko mini daga Yamai. Damina biyu ke nan ina shan ruwa saboda ke."

Hadiza ta ɗago kai. Tsohuwar ba ta yi dariya ba, amma gefen bakinta ya motsa.

"Tun Talata yake dafe ƙirjin nan. Na ce Malam mu je likita, ya ce sai ya gama moton malamin makarantar lakwal. Laraba na ce, ya ce iska ce, in dafa masa kanwa. Alhamis ya hana ni faɗa wa Lawali. Kwana uku, Hadiza. Ni ina ɗauke da kwana uku, ke kin zo mini da minti biyar?"

Suka yi kuka tare, ba mai rarrashin wani. Da suka natsu, Inna Zara ta jawo tsohon akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Ta ce kayan aikin na Lawali ne, amma ta tona ta ciro turnabis guda mai jan hannu, wanda gumi ya cinye fentinsa.

"Wannan da shi yake taɓa taki. Ba ya ba kowa aronsa."

Da yamma Hadiza ta turo Hawainiya tsakar gida, ta shimfiɗa buhu, ta kawo faranti don kada ƙananan abubuwa su ɓace cikin yashi. Murfin gefe, ƙusa biyu. Kan karbirato, hagu. Sifirin ya yi tsalle kamar yadda ya faɗa, sai da ta nemo shi a gindin turmi. Ga zoben nan a jikin waya, bai kai na yatsan jariri ba, bakinsa a goge sumul don kada ya ci wayar. Ta ɗora shi a tafin hannu ta daɗe tana kallo.

Samira ta tsuguna kusa da ita, tabon goshinta na sheƙi da mai.

Hadiza ta mayar da zoben. Ta ɗaure komai. Sannan ta ajiye wayarta a kan turmi inda take ganin agogo, ta sake kwancewa. Karon farko minti tara. Na biyu, shida. Ta yanke a yatsa, ta tsotse jinin ta ci gaba. Faruk ya tsaya bakin ƙofa yana kallo, sannan ya je ya riƙe mata farantin. Kafin a kira magariba ta kai minti biyu. Ta mayar da zoben karo na ƙarshe, ta naɗe turnabis cikin zanen goyon nan, ta sa a ƙarƙashin kujerar moto ta rufe.

Da safe ranar allurar Samira ce. Ta goya ta da wani zane, ta tace mai da tsumma, ta danna. Injin ya kama bugu ɗaya. Ta saki hannu ta bar ta tana numfashi, tana ƙirgawa a zuci. Ta kai ashirin ba ta ja ba. Kanta na karkace wajen katanga.

Bayan katangar kurciya ce kawai ke kuka. Ta fito a hankali. An ɗauke bencin daga gindin mangwaro, sai baƙin tabon mai da ya rage a ƙasa, fure ya zubo a kansa. Ta kauce masa da taya, ta hau hanya.