Tafkin da Ya Warke

Ɗan Ingilan ya iso kwarinmu ranar Talata, sanye da takalmin da bai taɓa sanin taɓo ba, yana murmushin wanda aka yi wa albishir. Sunansa Dakta Ashworth, masanin ruwa a wani kamfanin wutar lantarki na ƙasarsu. Tare da shi akwai namu masanin, Dakta Moe daga Oslo, fuska a murtuke. Gidan Gunvor Eikeland suka nufa, domin a kan kwalabenta ake rigimar.

Shekara goma sha ɗaya Gunvor tana hawa Tafkin Lisle duk Litinin. Takan ɗebi ruwa a daidai inda yake fita, ta rufe kwalbar, ta rubuta kwanan wata, ta ba motar madara ta kai gidan waya. A Oslo ake aunawa. Kowace shekara tsamin ruwan ƙaruwa yake, kifi yana raguwa, har aka kai mutum ya wuni da ƙugiya ya dawo da yunwarsa. Mu muka ce hayaƙin kwal ɗin Ingila ne iska ke ƙetaro teku da shi, ya sauko mana cikin ruwan sama. Su mutanen Ingila suka ce a'a, duwatsunmu ne da itatuwanmu, da tumakin da muka daina kiwo. Ministoci suka yi ta zama suna tashi, kowa da masaninsa a hammata.

A duk kudancin Nowe ba a da jerin awo mai tsawon na Gunvor, kuma babu giɓin mako ko ɗaya a cikinsa. Ranar da aka binne mijinta Litinin ce. Sai da ta hau ta ɗebo ruwan, sannan ta sa baƙaƙen kaya. Wasu sun yi gulma, amma ni tun ranar nake cire mata hula.

To, a bazarar 1983 sai tsamin ya faɗi, wata uku a jere.

Ashworth yana jin harshenmu kaɗan-kaɗan. Ya baje takardu a teburin kicin, tsakanin butar kofi da cuku.

"Uwargida Eikeland, kin yi aiki mai kyau ƙwarai," ya ce. "Hayaƙinmu bai ragu ba, ga shi tafki ya warke da kansa. Ashe ba hayaƙi ba ne. Wata mai zuwa zan nuna wannan a taron ƙasashe."

"Ƙara kofi," in ji Gunvor.

Da baƙon ya fita kallon duwatsu, Moe ya matso da kujerarsa, ya rage murya.

"Gunvor, kowa yana kuskure. Wataƙila kwalaben ba su ɗaurayu sosai ba. Ki sa hannu cewa sabulu ne, mu soke wata ukun nan, aiki ya ci gaba yadda yake."

"Sabulu?"

"Wa zai zarge ki? Magana ce ta layi ɗaya."

"Dakta, sau uku nake ɗauraye kowace kwalba da ruwan tafkin, kamar yadda ka koya mini da bakinka. In ka manta, ni ban manta ba."

"Kin fi so su yi nasara da ƙarya?"

"Sai mu riga su yin ta ke nan?"

Moe ba mugu ba ne. Ya ga tafkuna ɗari sun mutu a idonsa, ya gaji da gardama, shi ke nan. Amma ya taɓo inda ba a taɓawa.

Washegari da safe Gunvor ta hau dutse. Wannan karon ba ta tsaya a mafitar ruwa ba, ta zagaya tafkin har can sama, inda rafi yake shigowa, wurin da ta yi shekaru ba ta taka ba saboda aikinta bai kai can ba. Nan ta tarar da mu. Ba zan ɓoye ba, ina cikinsu, da buhu a gadon baya. Mu bakwai ne, ƙanenta Torleiv ne jagora. Gindin rafin ya yi fari fat da garin katantanwar teku, wanda ke kashe tsamin ruwa. Tun narkewar ƙanƙara muke gayya muna hawa da shi a kafaɗa, tafiyar sa'a biyu daga inda tarakta ke tsayawa.

Me ya hana mu gaya mata? Mu mutanen kwarin nan, abin da ba a tambaye mu ba ba ma faɗa. Ga shi kuma mun ɗauka mun yi dabara.

"Yaya, ai ba mu taɓa wurinki ba," in ji Torleiv, yana share gumi. "Ke a ƙasa kike ɗiba, mu a sama muka zuba."

"Torleiv, ruwa ta ina yake gangarawa?"

Wani a bayana ya ƙyalƙyale da dariya, ya mai da ita tari.

"Shekara hamsin da biyar, da gemu har ƙirji," ta ce, "amma sai an tuna maka ruwa ba ya hawa tudu."

"Naku awon ya ciyar da kifi ɗaya?" in ji Torleiv. "Kuna ta aunawa, suna ta mutuwa. Zo ki gani, Yaya. Don Allah zo ki gani kawai."

Ta durƙusa a bakin rafin. Ƙarƙashin wani dutse ga 'ya'yan kifi, ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, suna tsaye a cikin ruwa suna kaɗa jela. Shekara tara rabon da a ga ƙwai ya ƙyanƙyashe a Lisle. Ta daɗe tana kallonsu, kuma na ga ta goge ido da bayan hannu. Murna ta kama ta, baƙin ciki ya kama ta, domin ta san abin da farin garin nan ya yi wa aikinta.

Torleiv ya tsuguna kusa da ita. "In kin faɗa, za su cire tafkin daga bincike, ko?"

"Za su cire. Tafkin da aka ba magani ba ya shaida."

"To ki bi maganar Dakta Moe mana, ai ta zo kunnenmu. Ki ce sabulu ne. Mu bakinmu alaikum, kin san mu."

"Na san ku, ai ga shi na gani." Ta damƙi garin ta zuba a aljihu, ta miƙe, ta kama hanyar gangara.

Ranar Alhamis masanan biyu suka dawo kicin ɗinta, mu kuma muka jeru a bakin ƙofa kamar masu jiran hukunci. Gunvor ta zazzage aljihunta a kan takardun Ashworth.

"Awona daidai ne, babu sabulu," ta ce. "Tafkin kuma bai warke da kansa ba. Ga masu maganin nan a ƙofa, buhu ɗari da goma suka hau da shi."

Ashworth ya murza garin tsakanin yatsunsa, kunnuwansa suka yi ja. Moe ya dafe goshi.

"Kin san abin da kika yi?" in ji Moe. "Jerinki ya tsaya a watan Mayu. Ba zan iya karɓar kwalba ko ɗaya daga nan ba."

"Na sani."

Ashworth ya tattara takardunsa a hankali. A ba shi haƙƙinsa, bai yi musu ba.

"Ba zan kai wannan magana wurin taron ba," ya ce. "Amma Uwargida, da kin yi shiru ga ɗayanmu, da aikinki yana nan. Me ya sa?"

"Kai kana son tafkin ya ce ba ku ba ne, shi yana son ya ce ku ne. Ni ɗebo ruwa aka ce in yi. Sha kofinka, zai huce."

Bayan mako uku wasiƙa ta zo daga Oslo, layi huɗu, biyu godiya, biyu sallama. Ta karanta a tsaye, ta kwashe kwalaben da suka rage ta jera su a akwati, ta ba motar madara.

Asabar ɗin nan muna bakin tarakta muna rabon buhuna, sai ga ta da takalmin hawa dutse. Kowa ya sunkuyar da kai, Torleiv ya fara lalubar kalmar ban haƙuri. Ba ta saurare shi ba. Ta juya masa baya, ta ɗan rusuna.

"Me ka tsaya kallo?" ta ce. "Ɗora mini."