Sunan Zulmira

Anacleto magini ne, a kan tudu yake zaune a birnin Rio. Waƙar samba ɗaya ya yi wadda ta amsa sunanta, ita ce ta matarsa Zulmira, a shekarar da ta rasu. Sunanta ne ke rufe kowane baiti.

Waƙar mutumin tudu ba ta shiga rediyo sai ya ɗauki abokin tarayya, a rubuta sunansa kusa da nasa ko da bai sa kalma ɗaya ba. Kowa ya san haka. Valdomiro mawaƙin rediyo ya hau tudun da farin takalmi, ya ci wake da nama a gidan Anacleto, ya sha barasar rake.

"Malam Anacleto, waƙar nan ruɓewa take a bakinka. Ba ni rabi in kai ta gari."

"Ɗauki. Ni dai a ji sunan matar."

Anacleto ya dangwala hannu a takarda.

Da faifan ya fito, babu Zulmira. Rosa aka sa.

Anacleto ya sauka gari da siminti a ƙafa, ya tare Valdomiro a ƙofar gidan rediyo.

"Haba dattijo, sunan nan sai ka ce na kakar wani," in ji Valdomiro yana dariya. "Rosa ta fi shiga kunne."

Anacleto ya kai kuka wurin lauyar ƙungiyar mawaƙa, ta saurare shi har ya gama.

"Doka tana bayanka. Ko ka sayar da waƙa, ba a sauya ta sai da yardarka. Amma wa zai shaida da Zulmira aka fara? Ka rubuta? Ka ɗauka a faifai?"

Bai iya rubutu ba. Cikin mutum ukun da suka fara jin ta, biyu sun mutu, na ukun yanzu ganga yake kaɗa wa Valdomiro.

Waƙar ta kama gari. Wata Lahadi a shagon Dona Cotinha samarin tudu suka ɗauko ta, suka matsa wa Anacleto ya ja baki. Ya fito da kwalin ashanar da yake kaɗawa maimakon ganga, ya rera yadda ya yi ta. Da ya kai ƙarshen baiti ya ce Zulmira.

Shagon ya fashe da dariya.

"Tsoho, ƙwaƙwalwa ta fara yoyo! Rosa ce!"

"Waƙarka ma sai mun koya maka?"

Suka maimaita masa baitin da ƙarfi, don ya riƙe.

Anacleto ya mayar da kwalin ashana aljihu. Ya bi matakala ya nufi gida, suna ta kiran Rosa a bayansa.