Barewar Faransa a Kwalabar Ya Aisa

Saƙon ya shigo wayar Kellu da hantsi, tana tsaka da ɗaukar hoton kwalabe a kan tabarma. Lauyan wani kamfanin turare ne daga Faransa, Orbel, masu tambarin barewar zinariya. Ya ce tana sayar da jabun turarensu a shafinta na intanet. Kwana bakwai ya ba ta: ko ta janye kayan, ko a rufe shafin.

Ta sake karanta saƙon. Shekara biyu ta yi tana tara matan da ke bin shafin nan, daga Bosso har Damagaram, kuma ta nan kaɗai humrar goggonta take fita daga Diffa.

Goggon, Ya Aisa, tana gefe tana dakan itacen sandal. Ta ce, "Karanto mini. Me ya kama fuskarki?"

Kellu ta fara fassara. "Sun ce, zuwa ga Madam Direktiris..."

"Wace ce ita?"

"Ni."

Ya Aisa ta saki taɓarya ta rangaɗa guɗa. Kafin Kellu ta kai layi na biyu, maƙwabciyarsu Fauziyya ta faɗo gidan, hannunta jajur da tattasai, tana tambayar wa ya haihu.

Ya Aisa ta ce, "Faransa ta rubuto wa Kellu! Direktiris, shugabar kamfani!"

"Ya Aisa, ƙararmu fa za su yi. Wai turarenmu jabu ne, kwaikwayon nasu muka yi."

Guɗar ta tsaya cak.

"Nawa ne jabu? Ruwan nan nasu da ke gudu kafin la'asar? Nawa sai an wanke zane sau uku yana nan daram!"

Gaskiyar magana, babu wadda ta taɓa sayen humrar Ya Aisa da sunan turaren Faransa. Kwalaben turare ne fanko, da tamburansu a jiki, da ake sayowa buhu-buhu daga Maiduguri, a wanke, a cika. Ya Aisa ba ta karatu, sai ta mayar da kwalabar ta zama littafinta: mai barewa haɗin amare ne, mai tauraro na masu jego. Masu saye ma haka suke tambaya.

"In na kankare barewar, da me za ki gane na amare?" in ji Kellu.

Fauziyya ta fizge zare daga bakin gyalenta, ta ɗaure wuyan kwalaba ɗaya. "Ja, amarya. Kore, mai jego. Sai me kuma, Madam?"

Washegari gidan ya koma kamar na biki. Mata tara, ruwan zafi a baho, reza a hannun kowa, suna kankara suna tsiya. Duk barewar da ta fita sai a ce, "Allah ya kiyaye hanya, a gaida Faransa!" Fauziyya ta yanke yatsa, ta ce a sa jininta cikin amsar da za a tura, su san an sha wuya. Kellu ta yi dariya har ta ƙware.

Ta goge tsofaffin hotuna, ta ɗora sababbi, ta rubuta wa lauyan amsa cikin ladabi. Ya Aisa ta nace sai an ƙara cewa in matarsa tana so, a aiko mata da kwalaba ɗaya ta ga turare. Kellu ta ce to, ba ta rubuta ba.

A rana ta shida amsa ta zo, layi biyu: sun gani, magana ta mutu. Shafi yana nan.

Tana cikin tsalle wani saƙon ya shigo, daga wata mai aurar da 'ya a Toumour: "Akwai mai barewa?"

Kellu ta share hawayen dariya, ta rubuta: "Barewa ta koma garinsu, Hajiya. Sai mai jan zare. Guda nawa?"