Ƙunshin Haramin Mato

A ƙauyenmu Hillar Almu, can gabas kan hanyar alhazai ta ƙasa, tsakanin garuruwan Makwar da Sinja, ba a tambayar Mato ko shi ɗan ina ne sai in ana neman doguwar magana. Ya fito daga ƙasar Sakkwato yana saurayi da niyyar Makka, ya tsaya tsinkar auduga don ya ƙara guzuri, ga shi har gemu ya yi fari guzurin bai gama haɗuwa ba. Ya yi aure, ya samu gona, ya aurar da 'ya'ya, amma ko ɗakin ƙasa ya ƙi ginawa. Wai matafiyi ba ya gini. Haraminsa na nan ƙunshe cikin fatar akuya, rataye a tsakiyar bukka, kuma ya rantse ba za a kwance shi ba sai a bakin teku. Matarsa Ma'u ta daɗe da daina musu da shi, ta dai iya harara.

Shekarar da aka fara haƙa magudanan ban-ruwa na Managil, wani attajiri daga Madani ya nemi filin gabas da mu zai kafa injin gurzar auduga. Dokar majalisar Sinja ta hana irin wannan gini kusa da gidajen mutane, amma sansanin 'yan ci-rani ba ya cikin lissafi, tashinsu ake yi kawai. Da ma'aikacin majalisa ya zo dubawa, wa zai tarar a bakin masallaci in ba Mato ba? Ya kuwa buɗe baki cike da alfahari ya ce mu duka alhazai ne a kan hanya. Mutumin ya gode, ya tafi da maganar. Haka dattijo ɗaya ya kusa tashin gari guda da bakinsa, har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Ranar da kwamitin majalisa ya zo yanke hukunci, aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin bishiyar maina. Shugabansu, Zakariya, mutum ne mai haƙuri, ya ce in akwai mai shaidar cewa nan mazauni ne ya fito. Mun roƙi Mato ya zauna a gida. Sai ga shi tafe da ƙunshinsa a kafaɗa, Ma'u na biye da shi. A tunaninsa, in hukuma ta ga harami da idonta ba za ta taɓa baƙin Allah ba. Lauyan attajirin har murmushi ya yi, don shaidar da yake nema ce ta kawo kanta.

Mato ya karya rantsuwarsa, ya kwance igiyar a gaban kowa. Abin da ya zubo tsofaffin tsummokaran goyo ne da wata 'yar hular jariri. Babu harami, ko ƙyallensa.

Mato ya juya ya dubi matarsa.

"Ni na ɗauka," in ji Ma'u. "Shekarar da kyanda ta kashe yaranmu Audi da Sakinatu kana Makwar wurin aiki. Babu likkafani garin ga. Na raba shi biyu, da shi anka rufe su."

Zakariya ya tambayi inda aka binne yaran. Ma'u ba ta jira an fassara mata ba, ta miƙe ta nufi gabas, kwamiti da mu duka muka bi ta. Ta wuce turakun da masu awon attajirin suka kafa, ta tsaya kan wasu 'yan tudu biyu da aka kewaye da ƙaya. Daga nan kowa ya shiga nuna nasa, wannan uwarsa, wancan ƙanensa. Ashe rabin filin injin maƙabartarmu ce, mu ma ba mu taɓa kallon yawanta ba sai ranar.

Mato ya durƙusa ya daɗe, hannunsa a kan ƙasar. Tausayinsa ya kama ni, duk da haushinsa da nake ji. Zakariya ya matso ya tambaye shi a hankali ko har yanzu a kan hanya yake.

"Makka tana nan, ya sayyid," in ji Mato. "In Allah ya kira mu za mu tai, mu komo. Nan na gida."

Kafin la'asar kwamiti ya yanke cewa Hillar Almu gari ne, injin ya nemi wani wuri can bayan babbar magudana. Mata suka rangaɗa guɗa, samari suka tumɓuke turakun, aka dafa shayin yamma da su.

Washegari na bi ta ƙofar gidansa na same shi ya naɗe wando har gwiwa yana cuɗa ƙasar gini da ƙafa. Ma'u na tsaye a kansa da sanda, tana zana masa a ƙasa inda take son taga, ta fuskar gabas, wajen yaran.