Ranar da Manaja Ta Yi Wa Kawunta Tsawa

Kafinta ne, ƙaton mutum mai murya irin ta waɗanda suka saba magana cikin ƙarar injin yanka katako. Shagonsa na manne da gidansa, ƙofa ɗaya ce tsakaninsu. Yana da ƙanwa guda, ita kuma tana da 'ya 'yar shekara bakwai. Shi ya laƙaba wa yarinyar suna Manaja, domin tun tana tatata in an kawo ta shagon sai ta haye benci tana nuna masa inda zai buga ƙusa.

Bai san cewa mijin ƙanwar tasa ya daɗe yana dukanta ba. Da yarinyar ta yi wayo ta fara shiga tsakani, sai mutumin ya haɗa da ita, ya zane ta da wayar lantarki, wani lokaci ya kulle ta a banɗaki. Wata maƙwabciya ce ta gaji da jin kuka ta nemo lambar Kafinta. Ya je ya ɗauko su da kayan jikinsu kawai. Magana ta kai gaban hukuma, aure ya mutu, aka hana mutumin kusantarsu. Kafinta ya kwashe gwangwanayen fenti daga ɗakin baya, ya haɗa musu gado da hannunsa, ya ce a ransa ai an gama.

Ashe da sauran aiki. Manaja ta dawo wata irin yarinya mai ladabin da ke ɗaga hankali. Da ya shigo sai ta miƙe ta manne da bango, hannu a baya. In ya ce ta ci abinci, sai ta siɗe kwanon ko da ta ƙoshi. Ran nan ya saki tef ɗin awo, tef ɗin ya naɗe kansa da ƙara, sai ta shige ƙarƙashin tebur, fitsari ya ƙwace mata.

Abin ya yi masa ciwo matuƙa. Ya ce wa ƙanwarsa, "Ni take tsoro? Ni da ko hararar ta ban taɓa yi ba?"

Ta ce, "Yi haƙuri, Yaya." A lokacin kusan abin da take iya faɗa ke nan, ko da kuwa gaishe ta aka yi.

Ma'aikaciyar jinyar da ke wanke wa yarinyar rauni ce ta haɗa su da wata likita mai kula da yaran da aka cutar da iyalansu. Da farko Kafinta kai su kawai yake yi, ya zauna a benci a waje. Wata rana Likita ta leƙo ta ce ya shigo shi kaɗai. Ya tarar da ɗaki mai darduma, da kujeru gajeru, da faranti cike da yashi, da 'yan tsana, da fensira masu launi.

Ya ce, "Likita, ni fa na ɗauka magani ake ba ta. Wannan ai wasa ne."

Ta ce, "Wasan ne. Yaro ba ya zama ya zayyana maka abin da ya same shi kamar babba, da wasa yake faɗa. Kuma ka kwantar da hankalinka, ba kai take tsoro ba. Jikinta ne ya koyi cewa in aka ji takun namiji da babbar murya, duka na tafe. Zai iya koyon wani abu dabam, amma sai ya gani ya sake gani. Ni a mako sau ɗaya take ganina. Kai kuwa kullum ne."

Ta ce ya riƙa ƙwanƙwasa ƙofa kafin ya shiga, ya tsuguna in zai yi mata magana, ya faɗi abin da zai yi kafin ya yi shi. Kada ya tambaye ta abin da ya faru. Ya riƙa ba ta zaɓi, kuma in ta ce a'a, ya bar ta a kan a'arta.

Har ya miƙe ta ƙara da cewa, "Ita ma uwar, tambayar nan da kake mata, me ya hana ta faɗa maka tun farko. Na san takaici ne ke sa ka. Amma ita abin da take ji shi ne laifinta ne."

Bai sake yin tambayar ba.

Haka ya fara. Masu kawo aiki suka riƙa kallonsa suna gumtse dariya in ya juya wajen ƙofar gida ya ce, "Manaja, zan kunna inji." Gwiwoyinsa suna ƙara duk sanda ya tsuguna. Ba koyaushe yake tunawa ba. In ya manta ya kwaɗa wa wani kira, sai ya ga ta daskare, ya koma ya fara daga farko. Akwai lokacin da abin ya ƙara lalacewa, ta ƙi makaranta, ta ƙi rabuwa da gefen zanen uwarta. Ya je ya ce wa Likita anya ba tona mikin ake yi ba. Ta ce masa sai yaro ya fara jin ya tsira sannan abin da ya danne ke fitowa, ya ƙara haƙuri. Bai gamsu sosai ba, amma bai fasa kawo su ba.

A hankali Manaja ta fara zama a bakin ƙofar shago. Sai ta fara tsintar guntayen katako tana jera su a wata kusurwa, har suka zama wani abu mai ɗakuna da katanga. Ba ta ce wa kowa komai a kai ba.

Wata rana da hantsi, tana makaranta, za a kawo masa sabbin katakai, ya share shagon tas. Ya kwashe guntayen nan tare da ɗusar katako ya zuba a buhu, ko a jikinsa.

Ta dawo, jaka a baya, ta tsaya tana kallon kusurwar. Sai ta juyo.

"Wa ya ce ka taɓa min kayana? Gidana ne! Ba na son ka, Kawu, ba na son ka!"

Ta ɗauki wani guntun katako ta maka wa ƙofa. Daga nan sai ta ankara da abin da ta yi. Ta runtse ido, ta ɗaga kafaɗu, tana jira. Uwar ta fito a guje tana cewa, "Yaya, don Allah, ba ta sani ba ne." Ya ɗaga mata hannu a hankali, ya tsuguna.

Ya ce, "Manaja, kin yi gaskiya. Na ɗebe miki kaya ban tambaye ki ba, ban kyauta ba. Jifa dai ba ma yi a shagon nan. Amma fushi, ki yi abinki."

Ta buɗe ido ɗaya, sannan ɗayan. Da ta ga ba abin da ke tafe, sai ta fashe da kuka mai sauti, irin wanda ba a taɓa ji daga bakinta ba tun zuwansu. Ta riƙa dukan ƙirjinsa da 'yan hannayenta har ta gaji, ta kife kai a kafaɗarsa. Daga baya suka zazzage buhun su uku suna tsintar guntayen, ita tana faɗin wanda ke nata da wanda ba nata ba.

A zama na gaba ya ba Likita labari, ya ce tsoronsa kada a je ana gyara ana sangarta yarinya. Likita ta yi murmushi ta ce, "Ka taɓa ganin yaro ya yi wa wanda yake tsoro tsawa? Ta gwada ka ne, ta ga ba ka sauya ba. Tarbiyya kuma ai ka yi mata, tunda ka hana ta jifa."

Ya buɗe baki zai yi godiya. Shi da ake jin muryarsa daga bakin titi, da ƙyar ya iya cewa, "Allah ya saka miki, Likita. Ban san da me zan..."

Ta ce, "Ku kuka yi aikin, kai da ƙanwarka. Kuma da saura, kada ku daina zuwa."

Ba su daina ba. Har yanzu akwai ranakun da Manaja ke firgita, akwai ranakun da uwar ke wuni ba ta ce uffan ba. Amma ranar nan da suka fito daga asibiti, ƙanwar tasa ta dube shi ta ce ita ba za ta koma gida yanzu ba, akwai wani shagon ɗinki da ta ji ana neman ma'aikaciya, tana so ta je ta gani da idonta.

Ya ce, "In raka ki?"

Ta ce, "A'a, Yaya. Ku je, zan same ku."

Ya tsaya riƙe da hannun yarinyar yana kallon ƙanwarsa har ta tsallaka titi, yana ta hamdala a ransa. Manaja ta ja masa hannu ta ce ita fa yunwa take ji, kuma ta gaji da tsayuwa.