Yadda Aka Yi wa Keke Haƙarƙari

Ranar Asabar, sha huɗu ga watan Oktoba na shekarar 2023, Malam Isyaku ya tsaya a bakin kogin Wudil da hantsi, ya ƙidaya jakunan da ke ɗibar yashi. Bakwai ne. Ya sake ƙidayawa, ko wani ya ɓuya a bayan tifa, ya sake samun bakwai. A shekarar 1972, wato shekarar da aka sauya hannun tuƙi a ƙasar nan, ranar da mahaifinsa ya miƙa masa basillar gidansu, ya ƙidaya jaki ɗari biyu da goma sha ɗaya a wannan mashigin, kuma kusan kowanne mangalar gidansu ce a bayansa.

Ita mangala, ga wanda ya tashi bayan zuwan tifa, jaka ce mai ciki biyu da ake ɗora wa jaki a gadon baya, rabi ya sauka dama, rabi hagu. Da ita aka kwashe yashin da ya gina tsohon garin, da ita aka kai taki gonakin Kausani. Rabon da a ce wa Malam Isyaku ya ɗinka sabuwa, shekara huɗu ke nan. Basillar dai tana cikin aljihun rigarsa, a naɗe cikin ƙyalle, duk inda za shi.

Da ya koma gida ya tarar da ɗansa Lukman yana jiransa a zaure. Lukman ɗan fari ne, saboda haka uban bai taɓa kiran sunansa ba, bai kuma taɓa yabonsa a gaban mutane ba, ko da yake ya ba arba'in baya, yana kuma aikin gwajin ruwa a jami'ar da ke garin. Bayan doguwar gaisuwa ya faɗi abin da ya kawo shi. Shi da abokan aikinsa biyu za su bi gaɓar kogi daga Wudil har Haɗeja, su ɗebi ruwa a wuri ashirin da huɗu, kwalba biyu a kowane wuri. Damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba, hanyoyin fadama ba sa karɓar mota, don haka a kan kekuna za su tafi, ranar huɗu ga Nuwamba. Abin da ya rage shi ne abin da za a zuba kwalaben da guzuri da shimfiɗa. Ya miƙa wa uban waya, ya nuna masa hoton irin jakunkunan da masu yawon duniya a keke suke ratayawa.

Malam Isyaku ya nisanta wayar daga idonsa, ya duba, ya sake dubawa.

"Wannan ai mangala ce aka shafa wa fenti," in ji shi. "Guda nawa kuke so?"

"Uku, Baba."

"Je ka, ka samu."

Kafin la'asar labari ya kai rumfar Wali mai gyaran keke, a gindin gada. Wali taubashin Malam Isyaku ne, ɗan ƙanwar mahaifinsa, kuma tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da ɗaya ya tsokani ɗaya ba. Da Malam Isyaku ya biyo ta wurin, Wali ne ya fara.

"Sarkin Jakai!" in ji Wali, yana goge hannu da tsumma. "An ce talakawanka sun ƙare, ka koma farautar nawa."

"Likitan Faci, naka da nawa duk abin ɗaukar kaya ne. Bambancin kawai, nawa ba a hura musu iska."

"To kawo igiya mu auna keken tukuna."

"Shekara hamsin da ɗaya ina ɗinki, ban taɓa auna jaki ba. Kamu ɗaya da taƙi ɗaya, haka Baba ya yi, haka Kaka ya yi. Yau zan durƙusa ina auna ƙarfe?"

Mutanen da ke zaune a benci suka yi dariya. Dariyar ce ta hau wa Malam Isyaku kai. Ya zaro basillar, ya kwance ƙyallen, ya ɗaga ta sama kowa ya gani.

"Ku shaida. Kwalba arba'in da takwas ce. In mangalata ta kai su Haɗeja ba ta dawo da su cif ba, daga kan gadar nan zan jefa wannan a ruwa, in huta da sunan maɗinki."

"Mun shaida," in ji Wali. "Gadar ma ta ji."

Kwana goma sha uku ya yi a kan aikin. Ya samo tsohon tamfol na babbar mota, ya wanke, ya yanka. Ya murza zare da kakin zuma don kada ruwa ya ci shi, ya ɗora fata a kowace kusurwa, ya yi ɗinki biyu inda nauyi zai taru. Wanda duk ya leƙo zauren ya ga mutumin da ya koma ɗan shekara talatin. Matarsa Hansai ta ce ko tuwo sai ta aika sau uku kafin ya ɗago kai.

Ranar Asabar, ashirin da takwas ga wata, aka yi gwaji. Lukman ya ɗora mangala ɗaya a kariyar bayan kekensa, ya jera kwalabe goma sha shida cike da ruwan rijiya, ya nufi hanyar Lajawa. Uban ya zauna a rumfar Wali, ƙafa ɗaya bisa ɗaya. Ba a yi awa guda ba sai ga Lukman yana turo keken, gwiwar hannunsa a goge, wandonsa sharkaf. A wani gangare, in ji shi, ɓangaren dama ya yi lilo ya shige cikin ƙafar baya. Wayoyin ƙafar biyar sun tsinke, kwalba tara ta fashe. Tun kafin nan ma, duk juyin feda sai diddigensa ya bugi jakar.

Babu wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi yi wa Malam Isyaku ciwo. Wali ne kawai ya ɗaga kai ya dubi gada.

"Tana nan, ba ta tashi ba."

"Na ce Haɗeja," in ji Malam Isyaku a hankali. "Ban ce Lajawa ba."

A hanyar gida Lukman ya rage murya. "Baba, kada ka wahalar da kanka. Sai mu sa su a kwali mu ɗaure da roba, kamar yadda kowa ke yi."

Uban ya san da kyakkyawar niyya aka faɗa, amma ji ya yi kamar an riga an karɓe basillar daga hannunsa.

Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, ya bi ɗinkin kaf bai sami aibu ba. Ko zare ɗaya bai saki ba. Washegari da safe ya saɓa mangalar a kafaɗa ya gangara bakin kogi, wajen jakunan nan bakwai. Ya roƙi Garba, mai uku daga cikinsu, ya ara masa ɗaya. Suka ɗora ta, suka cika ta da yashi, aka kora jakin. Ta zauna daram. Ba lilo, ba karkata, ƙafafun jakin suna wucewa a ƙarƙashinta ba su ko shafe ta ba.

"Malam, wannan ai ba ta da laifi," in ji Garba. "In ba sa so, ni ina so."

Malam Isyaku ya tsayar da jakin. Ya zura hannu tsakanin tamfol da jikin dabbar, abin da bai taɓa yi da niyyar bincike ba duk tsawon rayuwarsa. Tafinsa ya sauka a kan haƙarƙari, ƙashi bayan ƙashi, a lanƙwashe kamar bakin ƙwarya, suna tura jakar waje, suna nisanta ta daga ƙafa. Ya daɗe a tsaye hannunsa na wurin. Ashe shekara hamsin da ɗaya yana zaton mangalarsa ce ke tsayuwa da kanta, alhali jaki ne ke yin rabin aikin bai taɓa neman a gode masa ba. Kakansa bai auna jaki ba domin Allah ya riga ya auna masa. Keke kuwa ba shi da ciki, ba shi da haƙarƙari. Siriri ne kamar wuƙa.

Daga nan bai zame ko'ina ba sai rumfar Wali, da igiya a hannu.

"Likita, fito da mara lafiyar nan. Aunawa zan yi."

Wali ya ajiye famfo, ya kama kunnensa. "Maimaita, Sarki. Kunnen nan na hagu ya tsufa."

"Na ce aunawa zan yi. In ka ƙara tambaya, da kai zan fara."

"Jama'a, ku rubuta ranar nan!"

Amma ya fito da keken Lukman da ya riga ya gyara, ya riƙe masa shi, har ya durƙusa tare da shi. Suka auna tsawon kariya, da nisan ta da gindin ƙafa, da faɗin da jaka za ta iya ci ba ta taɓa ƙasa ba in an karkata a kwana. Batun diddige kuwa dabarar Wali ce. Ya shafa gawayi a bayan takalminsa, ya hau keken da mangalar a kai, ya zaga rumfar sau uku. Da ya sauka, ga baƙin zane a jikin tamfol, daidai inda ƙafa ke bugu.

"Daga nan zuwa nan, yanke," in ji shi. "Jakinka ƙafarsa a ƙasa take. Nawa, ƙafar mai shi ce ke yawo."

Malam Isyaku ya saro tsumagun geza a gaɓar kogi, irin waɗanda ake saƙa kwando da su. Ya jiƙa su kwana biyu, ya lanƙwasa su a jikin turmi, ya ɗaure har suka bushe a haka. Biyar ya ɗinke a bangon ciki na kowane ɓangare, ya gicciya ɗaya a ƙasa ta haɗe su. Ya yanke kusurwar gaba bisa zanen gawayi, ya sake kafa fata. Hansai kuma ta ɗinka wa kowace kwalba rigarta, ta cusa audugar rimi, irin wadda ake cusa wa akumarin jaki don kada kaya su ji masa ciwo. Da aka ɗora ta farko a kan keke, Wali ya sa ƙafa ya tura ta da ƙarfi wajen wayoyin. Ta dawo inda take.

Ranar tafiya, bayan an yi addu'a, Malam Isyaku ya tsaya gaban matafiyan uku, ya ba su ƙa'idar da ya gada, wadda ba ta canza ba tsakanin jaki da keke.

"In kun cika kwalba ta dama, ku cika ta hagu. In ɗaya ta fi ɗaya nauyi, ku ɗauki dutse ku daidaita. Kada wanda ya ce gaba kaɗan zan gyara. Kaya ba ya jiran gaba kaɗan."

Kwana tara suka yi, shida a gaɓar kogi, uku a kan titi wajen dawowa. A kwanakin nan Malam Isyaku bai tambayi kowa labari ba. Hansai ce ke karɓar waya, in ta fara ba shi labari sai ya ce shi ba tambaya ya yi ba, amma ba ya tashi sai ta gama. Hanyar da ke bi ta kan gada kuwa ya daina bin ta.

Ranar Litinin, sha uku ga Nuwamba, da azahar, kekuna uku suka tsaya a gaban rumfar Wali, taɓo har wuya. Kafin a kai kwalaben jami'a, Wali ya ce sai an ƙidaya a gaban shaidun farko. Aka shimfiɗa tabarma. Lukman yana zaro kwalaben daga rigunansu, Wali yana ƙirgawa da ƙarfi, yana ɗaga kowace ga rana ko zai ga tsaga. Da ya kai arba'in da bakwai sai ya tsaya, ya leƙa mangala, ya girgiza kai.

"Sarki, tashi mu hau gada."

Malam Isyaku bai motsa ba. "Duba aljihunka na dama, ɓarawon kwalba."

Wali ya fashe da dariya, ya zaro ta ya dire a kan tabarma. "Arba'in da takwas!"

Ɗaya daga cikin abokan tafiyar ya ce a wani ƙauye bayan Ringim keken Lukman ya faɗi da shi a cikin laka, mangalar ta daki ƙasa, amma gezar ta karɓe bugun. Ya ce duk inda suka yada zango sai mutane sun taru suna shafa ta, suna tambayar wace ƙasa aka yi ta.

"Me kuka ce musu?" in ji Wali.

Lukman ya sunkuyar da kai, ya ce, "Na ce Babana ne ya ɗinka, a Wudil."

Malam Isyaku ya kau da fuska wajen kogi, kamar yana neman wani abu a can. Da ya juyo sai ya kama mangalar, ya bi ɗinkin da babban yatsa, ya ce wa Wali, ba wa ɗan ba, "Wanda ya ɗaura kayan nan ya iya daidaita nauyi." Sannan ya shafa aljihunsa, ya gyara zaman hularsa.

Daga wannan rana zuwa ƙarshen shekarar 2024 ya ɗinka mangalar keke ɗari da goma sha uku, mafi yawansu na masu kai albasa da tumatir kasuwa daga Kausani da Lajawa, kuma kowacce sai da aka fara auna kekenta a rumfar Wali.