Kajin Baba Masu Ruwan Toka

Tun da Baba ya ajiye aikin tela ya koma kiwon kaji, burinsa ɗaya ne: ya tara garke masu ruwan toka zalla. Shekara bakwai yana haɗa zakara mai ruwan toka da kaza irinsa. Duk ƙyanƙyasa sai an samu baƙaƙe a ciki, da farare masu ɗigo-ɗigo. Ya kwashe su ya rabar, ya sake sabon zakara, ya ce na baya ne mai gurɓataccen jini.

Ni ce babbar 'yarsa, ina koyar da kimiyya a sakandare. Na daɗe da sanin dalili, na kasa faɗa. Sai da likita ya ce jijiyar idonsa na mutuwa, kuma ba gyara, sannan na same shi a bakin akurki yana dama dusa.

"Baba, ba laifin zakara ba ne. Kowane tsako launi biyu yake gada, ɗaya wajen uwa, ɗaya wajen uba. Mai ruwan toka baƙi ya ɗauka da fari, suka gauraya. In ya tashi haihuwa ɗaya kawai zai bayar. Baƙi ya gamu da baƙi, ka ga baƙin tsako."

"To sai yaushe jinin zai tace, Uwata?"

"Ba zai tace ba, Baba. Ko shekara ɗari."

Ya daɗe yana juya dusar.

"Shekara arba'in ina haɗa zare da yadi, ban taɓa kuskuren launi ba. Yanzu kaza ce za ta gagare ni?"

Na ce in ya haɗa baƙin zakara da farar kaza, duk 'ya'yan ruwan toka za su fito. Ya yi wata 'yar dariya.

"Wato waɗanda na yi ta korarwa."

"Su fa. Amma jikokin za su sake rarrabuwa."

Bai gwada ba. Ya sake zuba wa kazarsa ƙwai goma sha biyu.

Ranar da suka fashe, da hantsi, ya kira ni a waya. Na tarar da shi tsugune, ya kai wani tsako har kusa da hancinsa, ya juya shi wajen haske.

"Duk inuwa nake gani. Duba min."

Na duba. Bakwai ruwan toka, uku baƙaƙe, biyu farare. Ba kowa a wurin sai mu biyu. Da na ce duk toka ne, zai yarda.

"Bakwai ne, Baba."

"Wannan na hannuna fa?"

"Baƙi ne."

Bai ajiye shi ba. Ya ci gaba da shafa masa baya da babban yatsa. Na jawo kujera na zauna kusa da shi, har kazar ta gaji ta taso ta sare shi a hannu.